Amsoshin Wasiƙunku: Yaushe Ya Kamata a Kai Iyali Yankari?

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Darazo. Ya ce ya sayar da wake, ya ware 'yan kuɗi don ya cika alkawarin da ya yi wa 'ya'yansa na kai su Yankari su ga giwa. Yana tambaya, yaushe ya kamata su tafi, kuma wane shiri zai yi?

To Malam, mun gode, Allah ya yi wa yaran albarka. Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, dabbobin kuwa a sake suke yawonsu, babu keji. Shi ya sa zaɓen lokaci ya fi komai muhimmanci.

Ka bari sai rani ya yi nisa, wato daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole ɓauna da gwanki da gwambaza da giwaye su gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina kuwa ruwa ko'ina, ciyawa ta rufe daji, kana iya kashe kuɗinka ka dawo ba ka ga komai ba sai birai. Ko da ranin ma, kada ka rantse wa yara cewa lalle za su ga giwa, domin masu farautar haure sun rage su ƙwarai. Ka ce musu in Allah ya yarda.

Maganar hanya, daga Bauchi za ka bi titin Gombe, a Dindima ka karkata dama zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40, saboda haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki shatar mota. Ka binciki kuɗin shiga da na ɗaki tun kana gida. In da hali ku kwana, don da sassafe da yamma aka fi ganin dabbobi.

Sai jan kunne. Gwaggon biri a Wikki ba ya tsoron mutum, yakan fizge abinci daga hannun yaro, don haka ku ci guzurinku a ɗaki, ƙofa a rufe. Ruwan Wikki mai ɗumi ne, yara za su so wanka, amma kada ka ɗauke ido daga kansu. A cikin daji kuma, kada kowa ya sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka. A sa wa yara riguna masu dogon hannu saboda ƙudan tsando.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In kun dawo, a rubuto mana abin da yaran suka gani.