Jin Daɗin Aiki da Koyon Shugabanci



An umurce ni in yi magana a kan yadda ma'aikaci zai sami jin daɗi a bakin aikinsa, himmarsa kuma ta ɗore, alhali yana koyon shugabanci. Kowane ɗayanmu ya san wani ma'aikaci wanda ya kama aiki da zafinsa, har yakan riga masinja isa ofis, amma bayan shekara goma sai ka tarar ba abin da yake duba sai agogo, fayil ya kwana uku a gabansa bai buɗe ba. Mutumin nan bai canja suna ba, iliminsa bai ragu ba, watakila ma an yi masa ƙarin girma sau biyu. To, ina himmar ta tafi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu bi sawunta yau.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce albashi. Ban raina wannan amsa ba ko kaɗan, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma zalunci ne a nemi ƙwazo wurin wanda bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba. Amma tarihin aikin gwamnati a ƙasar nan ya koya mana wani abu. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin duba tsarin aikin gwamnati ƙarƙashin Jerome Udoji. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, har da biyan bashin watannin baya. Aka sayi babura da rediyo, aka yi aure. Kafin a ankara farashin kaya ya tashi a kasuwa, ya lashe yawancin ƙarin. Shawarwarin da ke cikin rahoton game da gyaran yadda ake gudanar da aikin kansa kuwa, ba su sami kulawar da kuɗin ya samu ba. A 1975, bayan Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki, aka sallami ma'aikata fiye da 10,000. Waɗanda suka rage tsoro ya shige su, kowa ya riƙa kaffa-kaffa da sa hannu a takarda. Cikin shekara biyu ke nan aka gwada kuɗi, aka gwada bulala, amma babu wanda ya dasa son aiki a zuciyar ma'aikaci.

Masana sun lura da haka tun kafin lokacin. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. An nemi kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa, da lokacin da ransa ya fi ɓaci. Sai aka ga abubuwan da ke ɓata rai dabam, masu faranta rai dabam. Ƙa'idojin ma'aikata marasa kan gado, da shugaba mai takurawa, da mugun wurin aiki, da batun albashi, su ne aka fi ambata wajen ɓacin rai. Farin ciki kuwa ya fi zuwa ne daga kammala wani aiki mai wuya, da a san mutum ya yi, da a damƙa masa amana. Ma'ana, in ka cire wa mutum ƙaya a ƙafa ka raba shi da ciwo, amma ba ka ba shi dalilin tafiya ba.

Yanzu bari in juyo kanku, ɗalibai da ƙananan jami'ai, domin nan gizo ke saƙar. Ƙaramin ma'aikaci yana ganin amfanin aikinsa da idonsa. Malami ya ga yaro ya iya karatu, ma'aikaciyar jinya ta ga mara lafiya ya tashi, akawu ya ga lissafi ya daidaita. Ran da aka ɗora shi a kan wasu, wannan daɗi ya kuɓuce masa. Aikinsa ya koma taro, da sa hannu, da sauraron ƙorafi. Abokan da yake cin abinci da su jiya, yau in ya shigo sai su yi shiru. In aiki ya yi kyau a ce na kowa ne, in ya ɓaci a ce nasa ne. Gaskiyar Bahaushe da ya ce babba juji ne.

Na ɗanɗani wannan da kaina. Sa'ad da aka fara ba ni riƙon wani sashe mai ma'aikata tara, sai na ɗauka shugabanci shi ne in fi kowa aiki. Kowace wasiƙa ni zan rubuta, kowane fayil sai ya bi ta teburina, ina kwasar saura zuwa gida. Cikin wata shida na rame, na zama mai saurin fushi, mutanena kuwa suna zaune suna karatun jarida. Wata rana da la'asar wani dattijon magatakarda, wanda ya kusa haifuwata, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda in yi magana. Yaran nan ba malalata ba ne. Ka nuna musu ba ka yarda da hannunsu ba, shi ya sa suka naɗe shi." Maganar ta yi mini zafi, na kwana ina juya ta. Washegari na ba wani saurayi wasiƙa ya rubuta. Ya kawo da kurakurai, na zauna da shi muka gyara, wanda ya ci mini lokaci fiye da in na rubuta da kaina. Bayan wata uku ya kawo wata, na duba sama da ƙasa ban sami abin gyarawa ba. Wallahi daɗin da na ji a wannan rana ya fi na ranar da aka ba ni takardar ƙarin girma.

Abin da na koya ke nan, shi ne kuma jigon maganata: wanda ya zama shugaba dole ya sauya rijiyar da yake ɗiban farin cikinsa. Da yana sha daga aikin hannunsa, yanzu sai ya sha daga ci gaban waɗanda ke ƙarƙashinsa. Wanda ya kasa wannan sauyi, ɗayan biyu ne: ko ya kashe kansa da aiki, ko ya nemi daɗi a wurin da bai kamata ba, wato a fadanci, da nuna isa, da dukiyar jama'a.

Kada kuma ku zaci sanyin gwiwa alamar rauni ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma wazirinsa, a tsakiyar jihadin da aka fara a 1804, ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar, ya kama hanyar gabas da nufin zuwa Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya koma bakin aikinsa. Ku lura, malamin da ya gaji da shugabanni bai ƙare a kan fushi ba. Ya zauna ya horar da wasu shugabannin.

Saboda haka ga guzuri kaɗan. Na farko, kada tebur ya raba ku da mutanen da kuke yi wa aiki. Mai kula da fayil ɗin fansho ya riƙa tunawa cewa a bayan kowace lamba akwai tsoho mai jiran kuɗin magani. Ku fita lokaci-lokaci ku ga makarantar, ko asibitin, ko rijiyar da takardunku suka haifar. Na biyu, ku ba na ƙasa da ku aiki na gaske, ku jure kuskurensa na farko, ku yaba masa a gaban jama'a, ku gyara masa a keɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, ku nemi dattijo mai gaya muku gaskiya, ko da matsayinsa bai kai naku ba, ku riƙe shi da kyau, domin yayin da kujera ke girma masu faɗa muku gaskiya raguwa suke yi. Na huɗu, ku tsare hannunku. Wanda ya ci abin da ba nasa ba, ko ƙarar buɗe ƙofa firgita shi take yi, mai firgita kuwa ba ya jin daɗin komai.

Ranar barin aiki tana nan tafe ga kowa. Za a karɓe mota da mabuɗin ofis, a cire sunanka daga ƙofa a sa na wani. Abin da ba mai iya karɓewa shi ne mutanen da za su tsaya su ce, a hannun wane na koyi aiki. Allah ya sa mu cikin waɗanda za a faɗi haka a kansu, ya ba mu ikon riƙe amana.