Kafin mu kai 'ya'yan mutane zango, mu fara neman horo

 

Maganata yau a kan manyan da ke jagorantar yara ne a ƙungiyoyi irin su Sikawut da Girl Guides, masu fita da yara zango a bayan gari. Iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu mata su je, kuma wallahi ba na ganin laifinsu. Tambayarsu ɗaya ce: wace babbar mace ce za ta kwana da su, kuma me ta iya?

Son yara kaɗai ba ya isa. Baden-Powell ya fara harkar Sikawut a Ingila a 1907, amma zuwa 1919 sai da aka buɗe wurin horar da manyan kansu a Gilwell Park. Wato tun can an gane shi ma jagora sai ya zauna an koya masa.

To me ake koyo? Na farko, ƙirga yara kafin a tashi, bayan an isa, da kafin a kwanta. Na biyu, zaɓen wurin kafa tanti: ban da kwari ko bakin rafi, musamman da damina. Na uku, taimakon farko. Idan gudawa ta kama yarinya, ki haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan maciji ya sare ta, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana ta yawan motsi, a garzaya asibiti. Na huɗu, kare mutuncin yara: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kuma ba a tafiya da kowa sai da izinin iyaye a rubuce.

Don Allah malamai, ma'aikatan jinya, da iyayenmu da suka yi ritaya, ku leƙa makarantar 'yan mata da ke kusa da ku, ku tambayi malamar da ke kula da ƙungiyar yadda ake shiga horon shugabanni. Idan babu mace mai horo, 'yan matanmu ne za su zauna a gida, maza su tafi su koyo.

Ɗan wani amana ne. A tura wa sauran 'yan uwa.