Muna Biyan Jirgi Kuɗin Iska

Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai sayar da kayan gyaran waya a Maraɗi ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

Waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram da Ƙonni, sannunku da hanya, sannunku da shingaye.

An ce in yi magana a kan tsadar aiko da kaya daga waje. Na san a zauren nan akwai masu kwantena, wasu na shinkafa, wasu na atamfa, kuma za su ce me ya haɗa su da mai sayar da abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Wayar da ke aljihun kowannenku, da ita kuke jin farashin Dawanau, da ita kuke neman direba idan ya yi shiru a hanya. Ranar da ta daina caji, wurin yaranmu za ku zo.

Bari in fara da abin da ya same ni. Kwanakin baya wani yarona mai gyara ya karɓi wayoyi uku masu ciwo iri ɗaya, ɗan ƙaramin ayisin caji ne ya ƙone a cikinsu. Babu shi a Maraɗi. Na aika Farm Centre a Kano, aka ce ya yanke. Sai na saya daga Sin, na ce a sa mini a saƙon gaggawa. Kayan duka a tafin hannu za ka riƙe su. Da lissafin aike ya zo, sai na ga ya ninka kuɗin kayan har da ɗoriya. Na biya don kunyar masu wayoyi. Kafin saƙon ya iso, biyu sun karɓe abinsu sun tafi, na ukun kuma da ya ji kuɗin gyara sai ya ce gara ya ƙara kaɗan ya sayi ta hannu. Yaron nan kwana biyu bai kalle ni da kyau ba, don shi ne ya ji kunya a gaban mutane, ba ni ba.

Daga nan na zauna na bi takardun aike ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina wannan sana'a. Abin da na gano shi ne yawancinmu ba mu san abin da muke biya ba. Ejan ya faɗi kuɗi, mu yi tsaki, mu tura.

Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, fili yake sayarwa. Manyan kamfanonin saƙon gaggawa irin su DHL suna auna kwali sau biyu. Za su ɗora shi a sikeli, sannan su auna tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka ukun, su raba da 5,000. Wanda ya fi yawa tsakanin awo biyun, shi za ka biya. Masu kago na jirgin sama galibi da 6,000 suke rabawa, shi ya sa nasu yake ɗan fi sauƙi. Mu ɗauki kwali mai 40 da 30 da 30. In ka ninka, 36,000 ke nan. Raba da 5,000, ya ba ka kilo 7.2. To ko da abin da ke ciki kilo 3 ne a sikeli, kuɗin fiye da kilo 7 za a caje ka. Sauran kilo 4 ɗin mene ne? Soso ne da leda mai ƙurajen iska da kwalayen ado da mai kaya ya cusa don kada sikirin ya fashe. Iska muke ɗaukowa daga Guangzhou, mu biya mata kuɗin jirgi, mu zo Maraɗi mu zubar da ita a bola.

Sai kuma farkon awo. A saƙon gaggawa rabin kilo na farko shi ne mafi tsada, domin a cikinsa aka zuba kuɗin takarda da na ɗauka da na kaiwa. Ko giram 50 ka aiko, kuɗin rabin kilo za ka biya. Wanda ya aiko kilo 30 a haɗe, kowane kilo nasa ya fi naka araha nesa ba kusa ba. A kan wannan ake ɗora kuɗin mai, wanda kaso ne da ke hawa da sauka tare da farashin man jirgi, ga kuɗin wuri mai nisa idan garinka ba ya cikin inda suke kaiwa kullum, ga ƙarin da manyan kamfanonin suka saba yi a farkon kowace shekara.

Akwai wani wurin da ya fi ba ni haushi, kuma 'yan'uwa da yawa ba su lura da shi ba. Duwan, ko kwastan kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa, ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke yanka haraji ba. Suna haɗa kuɗin kaya da kuɗin dako da na inshora, a kan jimillar suke lissafi. A ce ka sayi kayan dala 100, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, aike ya ci 60. A kan 160 za a yanka maka. Idan aike ya koma 120, a kan 220 za a yanka, alhali kayanka ba su ƙaru da ko sukuru ɗaya ba. Bayan haka TVA ta hau kai, kashi 19 a Nijar, kashi 7.5 a Najeriya. Ke nan duk ƙarin da jirgi ya yi, sau biyu muke biyansa.

Me ya kawo tashin? Ba ejan ɗinka ne kaɗai ba, ko da yake wasu ejan sun samu rigar fakewa. Kaso mai yawa na kayan sama a cikin jiragen fasinja yake tafiya, a ƙarƙashin kujeru. Da korona ta zo a 2020 jirage suka tsaya, fili ya yi ƙaranci, farashi ya tashi. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga kuɗin mai. Daga ƙarshen 2023 hare-haren da ake kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka sa da yawansu zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, masu gaggawa suka koma sama. Ga kuma Shein da Temu da ke cika jirage daga Sin da ƙananan saƙonni zuwa Turai da Amurka. Da su muke takarar fili, kuma kowa ya san wanda za a fara ɗauka.

Wannan na duniya ne. Namu na gida ya fi shi ciwo. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ga yadda dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma da dala ake lissafin jirgi. Mu sefarmu a ɗaure take da yuro, 655.957, ta kare mu daga irin wannan faɗuwa. Amma bayan 26 ga Yulin 2023 mun ga namu. Aka rufe iyaka, ta Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Air France ya daina sauka a Yamai. Gadar Gaya ta daɗe a rufe, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanyar ruwa da ta kamata ta zama mafitar mai ƙaramin jari ta ƙara tsawo da tsada. Ba siyasa na zo yi ba, lissafin shago nake yi.

To yanzu me ke hannunmu? Ba mu da iko a kan man jirgi, ba mu da iko a kan dala. Muna da iko a kan kwali, da lokaci, da yadda muke aikowa ɗai-ɗai kamar ba mu san juna ba.

Na lura a layinmu kaɗai, a mako guda mutum huɗu ko biyar kan karɓi ƙananan saƙonni daga unguwa ɗaya ta Shenzhen, kasuwar nan ta Huaqiangbei. Kowa ya biya rabin kilonsa na farko, kowa ya biya kuɗin takardarsa, kowa ya biya mai fito da kaya. Shawarata ita ce ƙungiya ta samu sito ɗaya wurin ejan ɗaya a Guangzhou. Kowane ɗan ƙungiya a ba shi lamba. Ka sayi kayanka wurin wanda ka ga dama, ka ce a kai su can da lambarka a jiki. A can a cire kwalayen ado, a sake shiryawa a matse, a tura sau biyu a wata a matsayin kaya ɗaya. In sun sauka, ko Kano ko Yamai, wanda ya fi sauƙi a lokacin, a raba kuɗin bisa awon kowa.

Na ga wasu suna murmushi, kuma na san dalili. An taɓa gwada irin wannan a tsakaninmu, ba a ƙarƙashin ƙungiya ba, kuma ni ma kuɗina ya shiga ciki bai fito ba. Mutum ɗaya ne ke riƙe da kuɗi, shi ke magana da ejan, shi kaɗai ya san farashin kilo. Da kaya suka ɓace babu takarda ko ɗaya da za a nuna. Ba zan kama suna ba, an riga an yi sulhu. Amma kada mu sake gini a kan "ai ɗan'uwa ne". A sa mutum uku daga garuruwa uku. Takardar awo da rasit na kowane zuwa a ɗauki hotonsu a sa a zauren WhatsApp na ƙungiya kafin a karɓi ko sisi daga hannun kowa. A ɗan ɗora wani abu kaɗan a kan kowane kilo a ajiye, don ranar da sikirin ɗin wani ya fashe a hanya a rage masa asara.

Wani ya ce mini tsoronsa kada abokin gasa ya gane inda yake saye. Wannan tsoro ne mai dalili, sirrin ɗan kasuwa jarinsa ne. Lamba ce za ta kasance a jikin ƙunshi, ba sunan mai sayarwa ba. Amma abin da ke ciki dole a faɗe shi da gaskiya, kuma a nan zan ɗan tsaya a kan batir.

Batirin waya, na litiyam, kaya ne mai haɗari a dokar jiragen sama, domin yana iya kamawa da wuta. Tun Afrilun 2016 an hana ɗaukar shi a matsayin kago a jirgin fasinja idan shi kaɗai ne ba a cikin na'ura ba. Sai jirgin kaya zalla, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30. Shi ya sa kuɗinsa daban ne, ya fi na sauran kaya. Na san akwai masu cusa batir a tsakiyar sifika da bakin caji su ce kayan gyara ne kawai. In kai kaɗai ne, kanka ka cuta. In a kayan haɗaka ne, na'ura ta gano guda ɗaya, kayan mutum ashirin za a tsare. Wanda aka kama da wannan, ina ganin a cire lambarsa, ko wane ne shi. Batir da caja da wayoyin caji da duk abin da ke da nauyi kuma ba ya tsufa da wuri, a ba su hanyar ruwa, a yi haƙuri da watannin da za su yi. Sama a bar wa sikirin na sabbin wayoyi da ƙananan ayisi, waɗanda in sun makara kasuwarsu ta wuce.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan harka. Daga Oktoba zuwa Disamba jirage cike suke da kayan bukukuwan ƙarshen shekara na Turawa, farashi a sama yake. A farkon Oktoba Sin na hutun mako guda. Tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu kuma sabuwar shekararsu ce, masana'antu su rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, kafin komai ya daidaita an ci makonni. Duk shekara haka ake yi, kuma duk shekara sai mun yi kamar ba mu sani ba, mu tashi neman kaya a makon da kowa ke nema.

Akwai wata magana da ƙannena matasa ba za su so ji ba. Yanzu kowa yana da manhajar saye a wayarsa, kowa yana son a ce shi ma daga Sin yake shigo da kaya. Ka zauna ka haɗa kuɗin kaya, da na aike, da na duwan, da na canji, da wanda ya zo a fashe, da kwanakin da kuɗinka ya yi a hanya. Sau da yawa za ka tarar wanda ya hau mota ta Ɗan Isa da Jibiya ya sayo a Farm Centre ya fi ka riba, kuma ya duba kayansa da idonsa kafin ya biya. Ni kaina akwai kayan da na daina aikowa, Kano nake saye, ban ga abin kunya a ciki ba. Haɗakar da nake magana a kai don kayan da babu su kusa ne, ko waɗanda in an tara su da yawa sauƙin ya fito fili.

Abin da nake roƙo a wurin shugabanni shi ne a ba mu izinin gwaji na wata uku, da mutum goma zuwa goma sha biyar, kafin a buɗe wa kowa. Duk wanda zai shiga ya kawo takardun aikensa na baya, ko guda uku ne, don mu san daga inda muka tashi, in wata ukun sun cika mu gwada mu gani ko an samu ragi ko ba a samu ba. In ba a samu ba, ni zan tsaya a nan in faɗa muku da bakina. Takardar rubuta suna tana wurin sakatare a bakin ƙofa, ni ma ina nan har bayan cin abinci ga mai tambaya.