Nima: Ganga, Rap da Fenti a Bango



Mutanen Akra da yawa, in aka ambaci unguwannin Nima da Mamobi, cunkoso da babbar kwata ke faɗo musu a rai. Sun manta cewa waƙar da ta girgiza Gana a 2003, wato Ahomka Womu, 'yan Nima ne suka yi ta. Ƙungiyar VIP, su Zeal da Prodigal da Promzy, a lungunan nan ta taso. A lokacin suna gauraya yaren Tuwi da Hausar Zango da broka a kiɗan hiplife, ba sa ɓoye inda suka fito. Su ne kuma suka fara shirya Sallahfest, inda ake kafa dandamali bisa titin Nima a lokacin salla.

Ranar sallar kanta abin kallo ce. Sarakunan Zango kan fito da rawani bisa dawakai, makaɗa na binsu da ganga, can gefe samari sun ƙure lasifika, mai waake na zuba shinkafa da wake cikin ganye. Wasu dattawa na ƙorafin hayaniyar, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu.

Sai masu zane. Moh Awudu, ɗan Nima, ya zana ɗan ƙwallo Mohammed Kudus a bango, yara masu buga ƙwallo na wucewa suna ɗaga kai.

Ni dai abin da ke damuna, wannan baiwa duk a titi take rayuwa. Majalisun yankin Ayawaso, inda unguwannin nan suke, su ware wa matasan nan zauren gwaji da ɗakin ɗaukar sauti, ko da ɗaya ne.