Gindin Zama: Kalmar da Muka Bar wa Masifa



A kan kalmomi biyu zan tsaya yau: gindin zama. Ku dubi randar da ke tsakar gida. Gindinta kewayayye ne, in aka dire ta a kan daɓe sai ta kife. Sai uwargida ta tona mata ɗan gurbi, ta tara yashi, sannan ta zauna daram. Randa ba ta yi wa kanta wannan. Shi ya sa Bahaushe yake cewa abu ya samu gindin zama, ko an ba shi. Kullum akwai mai bayarwa a bayan maganar.

Kada mu haɗa shi da tudun dafawa. Wanda ruwa ya ci shi ne mai neman tudun dafawa, kamar yadda mutanen Gummi suka nema a ambaliyar damina ta 2024. Na ɗan lokaci ne, a samu a ja numfashi. Gindin zama kuwa na mai shirin shuka itace ne, ya jira inuwarsa.

Tarihinmu ya san bambancin. Da Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura, ta zauna Kiyawa, ta zauna Sabon Gari. Duk tudun dafawa ne. A Anka ta samu gindin zama, ga Sarkin Zamfara nan har gobe.

To, ku saurari rediyo a yau. Me ake cewa ya samu gindin zama? Ta'addanci. Satar mutane. Cin hanci. Na daɗe ban ji an ce karatun 'ya'ya mata ya samu gindin zama a wani ƙauye ba, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai. Mun ɗauki kalmar kafuwa mun miƙa wa abin da ke tumɓuke mu. Sannan in mun faɗe ta, sai mu manta da 'yar'uwarta, ɗaurin gindi. Wa ya tona wa ɓarna gurbi? Wa ya tara mata yashi? Harshen da kansa yana yi mana wannan tambaya.

A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma kan wannan ƙasa. Sai da aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka zubo mai tsabta. Ƙauyen Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin a yi masa nasa. Ban san wurin da ma'anar kalmar nan ta fito fili kamar nan ba: ƙasar da yaro zai aza gindinsa, ita aka sake masa da shebur da baro.

Yanzu kuma ga waɗanda hare-hare suka koro daga ƙauyukansu, irin na Janairun 2022 a Anka da Bukkuyum. Mun ba su tabarma da buhun hatsi, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma gonakinsu suna can daji, 'ya'yansu kuma wasu har sun yi wayo a sansani. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin Gummi, Anka da Bukkuyum su zauna a kan maganar filin noma da ajin makaranta ga mutanen nan kafin ruwan shuka ya sauka.