Mallakar Zuciya a Wurin Aiki: Darasi daga Bakolori

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. An kawo ƙwararrun injiniyoyi, an zuba dukiya, amma ba a tsaya an karanci zukatan manoman da aka karɓe wa gonaki ba. Suka yi ta kukan diyya, ba a saurare su ba, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka a Birnin Tudu da kewaye.

Ilimin aiki bai isa ba sai da sanin halin abokin aiki. Mu dubi magudana guda a Talata Mafara, Bakura ko Maradun. In na sama ya tsare ruwa, shinkafar na ƙasa ta bushe, fushi ya shiga, gobe babu mai fitowa yashe magudanar, kowa ya yi asara. Shugaban da ya ji koken na ƙasa tun kafin ya zama faɗa ya ceci noman kowa.

Manzon Allah (SAW) ya yabi Ashajju na Abdul Ƙaisi da halaye biyu, haƙuri da rashin gaggawa. Haka muke buƙata a kwamitocinmu, makarantunmu da ayyukan agaji: mu haɗiye fushi, mu saurara kafin mu yanke hukunci, mu yi gyara a keɓe ba a bainar jama'a ba.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.