Idan Shiri Ya Rushe



An nemi in ambaci littafi guda da ya dace mu miƙa wa ƙannenmu. Na zaɓi The Unexpected Everything, wanda wata Ba'amurkiya, Morgan Matson, ta fitar a 2016. Labarin Andie ne, 'yar wani ɗan majalisa, wadda ta shirya yin hutunta a kwas na share fagen karatun likita. Kwatsam aka zargi ofishin mahaifinta da badaƙala, gurbin ya kuɓuce mata. Sai ta kama aikin zagayawa da karnukan mutane, wanda a can sana'a ce. A wannan hutu ta sake shaƙuwa da mahaifinta, bayan sun yi nisa da juna tun rasuwar mahaifiyarta.

Da yawanmu mun bar makaranta da burin zama likita ko lauya, yau ga mu a ofis, kasuwa da gona. Saboda haka idan ƙanenka bai sami makin JAMB ba, kada ka bari ya shekara yana zaman makoki. Ya kama abin da ya samu, ko ɗinki ne. Wani hani ga Allah baiwa ne.